Mayar da gaban gida shaguna a bakin titi: ta ina ake farawa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Gidan gado ne a Kano, a bakin babban titi, fuloti ƙafa 50 a gaba, ƙafa 100 zuwa baya. Takardarsa ta gwamnati ce, kuma gidan zama aka rubuta a jiki. Titin ya cika da hada-hada yanzu, maƙwabtan dama da hagu duk sun fasa katanga sun fitar da shaguna. Magada suna son yin haka, shaguna uku ko huɗu, iyali kuma su ci gaba da zama a baya. Waɗanda suka san harkar, a taimaka da bayani.

Mai tsara birane: Wa alaikumus salam. Malam, a fara ɗauko takardar mallakar, wato C of O, a karanta sharuɗɗan da ke cikinta. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna, abin da aka ba mai gida shi ne haƙƙin zama a kai, na shekaru ƙididdigaggu kuma don wata manufa takamaimai. Idan manufar zama ce, mayar da wurin kasuwanci saɓa sharaɗi ne har sai an nemi canji an samu. Yadda maƙwabta suka yi ba hujja ba ce, domin da yawansu ba su da komai a hannu, ba a dai zo kansu ba tukuna.

Izini iri biyu ake nema, kuma a nan mutane suke ruɗewa. Na farko canza manufar fili, ana nemansa a ma'aikatar ƙasa ta jiha, inda fayil ɗin gidan yake. Na biyu izinin gini, wanda a Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA ke bayarwa. Samun ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Wajen canza manufa za a rubuta takardar nema a haɗa da kwafin C of O, da shaidar an biya harajin ƙasa ba bashi, da shaidar biyan haraji ta mai nema, da taswirar filin, da hotunan gaban gidan da titin. Za a turo ma'aikata su duba wurin su rubuta rahoto: faɗin titin, nisan ginin daga kwata, ko akwai mahaɗa ko makaranta kusa, inda motoci za su tsaya. Idan an amince sai a biya kuɗin canjin, kuma daga nan harajin ƙasar shekara ya koma na wurin kasuwanci, wanda ya fi na gidan zama tsada. Duk kuɗin da za a biya a biya shi ta banki a asusun gwamnati, a riƙe rasit.

Tunda iyali za su zauna a baya, a rubuta ƙarara cewa ana neman haɗakar zama da kasuwanci. Wanda ya mayar da fulotin gaba ɗaya na kasuwanci zai riƙa biyan haraji mai tsada har a kan ɗakunan da yake kwana.

Lauya: Kafin ma a je ma'aikata akwai abin da ya riga wannan. Kun ce gidan gado ne. Sunan wa ke jikin takardar? Idan sunan marigayi ne, ba wani magaji guda da zai iya sa hannu a madadin kowa. Sai an je kotun shari'a an tabbatar da magada da rabon kowa, sannan ko dai a mayar da takardar sunansu, ko su wakilta mutum ɗaya a rubuce, mata da maza, har da waɗanda suke aure a wani gari. In akwai marayu ƙanana, waliyyinsu ya shiga da sanin kotu. Yawancin rigimar shagunan gado da ke zuwa gaban alƙali daga nan take tasowa: babban wa ya gina da kuɗinsa, bayan shekaru ƙanne su ce ƙasar ta kowa ce, shi kuma ya ce ginin nasa ne, kuma kowannensu yana da gaskiya ta wani gefe. A rubuta tun yanzu wa ya sa nawa, yadda zai fanshe kuɗinsa daga haya, da ranar da hayar za ta koma rabon gado.

Sannan a san girman haɗarin. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mallaka idan an karya sharaɗin da ke cikin takardar. Ba kullum ake kaiwa can ba, amma ikon yana nan. Abin da ya fi faruwa shi ne a zo faɗaɗa titi: ginin da ke cikin iyakar fuloti kuma yake da izini ana lissafa shi a diyya, wanda ya shigo cikin haƙƙin titi kuwa jan fenti ne kawai da katafila. Banki ma ba ya karɓar takarda jingina idan abin da ke rubuce ya saɓa da abin da ke ƙasa.

Mai safiyo: Barista ya taɓo wurin da ya fi damuna. Katangar gida ba lallai ne ita ce iyakar fuloti ba. A tsofaffin unguwanni sau da yawa an turo katanga gaba ƙafa biyar, ƙafa goma, tun zamanin da titin yake siriri ba mai magana. A kira mai safiyo mai rajista ya nemo turakun iyaka na asali ya gwada da taswirar da ke fayil, kafin a biya mai zane ko sisi.

A kuma tantance titin na wa ne. Titin Zariya, Titin Katsina da Titin Maiduguri na gwamnatin tarayya ne, kuma ƙa'idar hanyar tarayya ita ce mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. A cikin gari gine-gine sun daɗe da cinye wannan tazarar a wurare da yawa, amma duk ranar da aka tashi faɗaɗa hanya da wannan ma'aunin ake zuwa. Sai a ɗaga kai a dubi wayar wutar lantarki. Layin 11kV da 33kV ana barin mita 5.5 kowane gefe, na 132kV mita 15, na 330kV mita 25. Turakun wuta kuwa a bakin titi suke bi, daidai inda ake son kafa rumfar shago. Wannan ta wuce batun takarda, rai ne: kwanon rumfa a ƙarƙashin waya, ga iskar farkon damina.

Injiniyan gini: Ni zan yi magana a kan ƙafa 50 ɗin nan, domin shaguna huɗu ba za su zauna lafiya ba. Ƙafa 50 kusan mita 15 ce. A cire mita 3 na ƙofar shiga gida, wadda mota za ta iya bi, ko motar kwasar masai, ko a fito da mara lafiya. Saura mita 12. Shaguna uku masu faɗin mita 3.6 tare da kaurin bangayensu sun cinye ta. Idan aka matsa sai huɗu, kowanne zai koma ƙasa da mita 3, kanta ɗaya da firiza sun cika shi, mai haya ya fito da kaya waje, daga waje kuma sai kan titi.

Abin da ke raba shagon da ke ciniki da wanda ke zaune shi ne filin da aka bari a gabansa. Mota ɗaya tana cin mita 2.5 a faɗi, mita 5 a tsawo. A ƙara mita ɗaya da rabi na baranda. Wato daga bakin kwata zuwa ƙofar shago a bar mita 6 zuwa 7, a nan motoci huɗu za su tsaya ba tare da bayansu ya fito titi ba. Na san masu gida suna ganin wannan asarar fili ce. To fuloti yana da mita 30 zuwa baya: 6.5 na gaba, 4.5 na zurfin shago, saura 19 na gida. Idan ginin da ke nan bai bar wannan tazarar ba, gara a rushe ɗakunan gaba a ja baya da a fasa musu ƙofa ta titi.

Wanda kuma ya zama dole ya fasa bangon ɗaki, kada birkila ya fara da guduma. Bangon nan shi ke ɗauke da rufi. A tokare rufin da katako tukuna, a zuba fila a gefe biyu na ƙofar, a ɗora bim a kai. Ga ƙofa mai faɗin mita 2.4 a ginin da ba bene ba mai rufin kwano, bim mai kaurin inci 9 da tsayin inci 12, rodi huɗu masu 12mm, zobe na 8mm kowane inci 8, kankare awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A riƙa ba shi ruwa mako guda, kada a cire katakon ƙasansa kafin mako biyu zuwa uku, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai kwana 28. Wannan misali ne na ginin da ba bene ba kawai. Duk wanda ke da niyyar ɗora bene nan gaba ya faɗa wa injiniya tun yau, domin fandishon gidan zama na da bai da filoli, ba a yi shi don ɗaukar dekin ba.

Abu biyu da ake mantawa. Sokawe a gidaje da yawa yana gaba kusa da ƙofa, daidai inda shago zai zauna. A yashe shi, a cike da ƙasa ana dannawa hawa-hawa, a haƙa sabo a wani wuri nesa da rijiya aƙalla mita 15. Daɓen da aka zuba a kan tsohon rami yakan nutse bayan damina ɗaya ko biyu. Na biyu, a ɗaga daɓen shago kamar santimita 45 sama da kwalta. Duk gyaran titi ƙara masa tudu yake, shagon da aka yi daidai da titi a yau shi ne wanda ruwan Agusta zai shiga gobe. Kwata kuma kada a cike ta da ƙasa don mota ta hau, a yi mata murfin kankare da ake iya ɗagawa duk bayan mita biyu ko uku saboda yasa.

Dillalin gidaje: Injiniya, na yarda da kai a kan filin gaba, amma a kan adadi ina da ja. A titin da masu ƙafa da 'yan adaidaita sahu suka fi yawa, ƙananan shaguna sun fi saurin samun mai haya: mai POS, mai cajin waya, mai gyaran waya, mai turare. Babban shago sai mai kayan masarufi ko kemis, kuma su suna zaɓe. Saboda haka a dubi titin kafin a yanke.

A tsaya a wurin da safe, da azahar, da bayan la'asar har magariba. Gefen da mutane ke bi in suna komawa gida shi ke ciniki, domin da safe kowa sauri yake. Idan an raba titin da shingen kankare, rabin masu wucewa sun fita daga lissafi sai in akwai wurin juyawa kusa. A kuma bincika ko akwai shirin gada. Duk wanda ya san mahaɗar Dangi ko ta Hotoro kafin a gina gadojinsu ya san yadda mota ke wucewa ta sama ko ta ƙasa, shagunan da ke gindin hawan gada su koma kallo. Inda kuma ba wurin tsayawa, direba ba zai yi kasadar haɗuwa da 'yan KAROTA masu kula da hanya saboda burodi ɗaya ba.

Hajiya mai gidajen haya: Ku maza duk kun tsaya a titi, ba wanda ya leƙa cikin gidan. Ranar da aka buɗe shaguna, ƙofar gida ta zama majalisa. Mata da 'yan mata za su riƙa ratsa maza duk shiga duk fita. Don haka ƙofar gida ta kasance a ƙarshen gefe ɗaya, ba tsakanin shaguna ba, kuma a bar ɗan soro a bayanta. Bangon bayan shaguna a kai shi har rufi da bulo inci 9, ba taga, ba ƙofa ta cikin gida, saboda sutura da kuma gobara. A yi wa masu shago banɗakinsu da famfonsu ta waje. In ba a yi ba, ko dai su riƙa sallama cikin gida, ko su mayar da jikin katangar maƙwabci wurin fitsari, daga nan zumuncin shekara talatin ya lalace.

Maƙwabta da mai unguwa kuma a same su kafin a sauke yashi. Haƙƙin maƙwabtaka ne, sannan ƙorafinsu yana iya tsayar da aiki.

Lauya: Hajiya ta yi gaskiya, kuma a yarjejeniyar haya ake ɗaure wannan. A rubuta sana'ar da aka yarda a yi a kowane shago, da cewa ba a canzawa ko a ba wani haya sai da izinin masu gida a rubuce. In ba haka ba, wanda ya karɓa don ɗinki zai sayar da ragowar shekararsa ga mai injin niƙa ko mai walda. A rubuta lokacin kashe janareta, da wanda zai biya kuɗin shara da harajin shago na ƙaramar hukuma. Mai sayar da gas ɗin girki sai ya nuna lasisin hukumar mai da gas ta NMDPRA, mai kemis na hukumar masu magani ta PCN, kuma gas dai ban ga dacewarsa a jikin gidan da yara ke kwana ba. Tsarin da mai haya ke gina shago da kuɗinsa ya zauna shekaru yana cirewa a haya shi ma a yi hattara da shi: a ƙayyade kuɗin ginin da rasit, da adadin shekarun, da cewa ginin na masu ƙasa ne daga ranar farko.

Mai aikin wuta: Kowane shago da mitarsa mai kati daga kamfanin wuta na KEDCO, kada a ja daga ta gida. Mita ɗaya ga mutum huɗu rigima ce duk wata. Waya 1.5mm ga fitilu, 2.5mm ga soket, 4mm a layi na daban ga na'urar sanyaya ɗaki, kowane shago da akwatin fis nasa, a kuma kafa sandar ƙasa, wato earth. A binne bututun waya da na sola tun ana gini. Yawancin gobarar shago da dare take tashi, in an kawo wuta da ƙarfi ba kowa, don haka a sa makunnin da ke yanke wutar shagon gaba ɗaya a bakin ƙofa, inda hannu zai kai lokacin rufewa. Firiza kaɗai za a ware wa layinta.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Takardar da sunan marigayi take, kuma akwai marayu biyu a cikin magada. Kenan kotu da mai safiyo tukuna. Injiniya, idan turakun iyaka suka nuna katangar ta shigo titi, a rushe ta tun yanzu ko a jira amsar ma'aikata?

Injiniyan gini: A bar ta tsaye har izinin gini ya fito, ita ce tsaron gidan kuma za ta kare kayan aiki. Amma mai zane ya auna komai daga turakun, kuma ya nuna katangar a zanen a matsayin wadda za a cire.