Shanuna na dalalar da miyau, ko doki ma zai iya kamuwa?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin dabba ku taimaka min. Na sayo bijimi a kasuwar Mirya ran Lahadi, kwana 4 da kawo shi sai saniyata ta daina ci, miyau na zuba kamar igiya, na buɗe bakin na ga ƙuraje sun fashe a harshe da dasashi, tana ɗingishi kuma nonon ya ja baya sosai. Abin da ya hana ni barci shi ne dokin baba, a kwano ɗaya suke shan ruwa, jiya na ga gefen bakinsa da rauni.

Malam Habu Matamai:
Wa alaikumus salam. Ƙanena wannan boru ne, ciwon baki da kofato, kuma da alama bijimin ne ya shigo maka da shi. Amma kwantar da hankalinka, boru masu rababben kofato yake kamawa, shanu, tumaki, awaki. Doki da jaki ba ya taɓa su ko kaɗan. Duba linzami ko ƙarangiya a cikin ciyawa.

Hajiya Mai Kiwo:
Ni maraƙi nake jiye maka wallahi. Manya sukan warke cikin sati biyu haka, amma ƙananan a zuciya ciwon yake kama su, bara nawa da safe yana tsalle kafin la'asar ya faɗi. Ka ba saniyar dusa da ruwa-ruwa, ka wanke kofaton da ruwan kanwa, nonon kuma a tafasa.

Ɗalibin likitan dabbobi:
Gaskiyar Malam Habu ne. Akwai dai wata cuta mai kama da boru sak wadda ke kama doki da shanu tare, ƙananan ƙudaje masu cizo ke yaɗa ta, amma a nahiyar Amurka take, daga kudancin Meziko zuwa su Kolombiya. A shanu ido ba ya bambanta su sai an gwada. Ka sanar da ma'aikatar kiwo su zo su gani, in da hali su ɗauki samfur. Allurar oksi (oksitetrasayikilin, maganin ƙwayoyin bakteriya) da mutane ke ta yi ba ta kashe birus, wato ƙwayar cutar da ke kawo boru, ruɓewar raunin kawai take tsarewa. Kuma kar ka kai su rijiya ko kasuwa yanzu.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai. Na duba linzamin, ashe ƙarfen ya yi kaifi ta gefen hagu. Na raba maraƙin da uwar, na ɗaure tumakin a bayan gida, gobe da sassafe zan je wurin likitan in Allah ya yarda.