Baba bai san Auta na wasan ƙwallon raga ba, ga shi an zaɓe ta zuwa gasa a waje

Yayar Auta: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A yi haƙuri da tsawon bayani, kwana uku ke nan ban samu barcin kirki ba.

Mu 'yan Tawa ne, aure ya kawo ni Yamai shekara 11 da suka wuce. Da mahaifiyarmu ta rasu, Allah Ya jiƙanta, autarmu tana ajin ƙarshe na firamare, sai na roƙi Baba ya ba ni ita. Ya ƙi. Sai da gwaggonmu ta sa baki, ita ma sau biyu tana zuwa, na biyun har rumfarsa ta kasuwa ta same shi ta zauna ta ce ba ta tashi sai ya amsa. Ranar da muka zo shiga kar ya riƙe hannuna ya ce amana ce, karatu kaɗai ya ba ni ita ta yi. Na riƙe ta kamar ɗiyar cikina. Maigidana bai taɓa bambanta ta da yaranmu ba, shi ya yi ta biyan lakwal har ta samu bak bara.

Tun tana koleji take ƙwallon raga, ni kuma na ɗauka wasan lakwal ne da zai wuce. Doguwa ce, tsawon Baba ta ɗebo. Shekara biyu ke nan da mai horar da su ya mayar da ita na kan rairayi, wanda ake yi mutum biyu-biyu ba takalmi. Da asuba take fita tun rairayin bai ɗau zafi ba, ta dawo dunduniya duk ta tsage in shafa mata man kaɗanya. Rairayi kuwa har cikin katifarta nake kakkaɓewa.

To yanzu an zaɓe ta ita da abokiyar wasanta, za a fita da su gasa. Da farko an ce Kwatano, yanzu ina jin ana cewa Maroko. An kawo takardar sa hannun uba ko mai riƙo, na sa. Na kwashe adashena na yi mata fasfo. Baba bai san tana wasan ba sam. Sannan akwai wani yaro da iyayensa suka kai gaisuwa Tawa bayan Sallah. Ina mafita don Allah?

Maman Biyu: Innalillahi. Wannan wasan da ake yi da kamfai a bakin teku? 'Yar'uwa ke da kanki kika sa hannu?

Yayar Auta: Ba da kamfai take yi ba. Dogon wando ne mai kama jiki da gajere a kai, da riga mai dogon hannu da ɗankwali. Ni na saya mata da hannuna.

Tsohon malamin motsa jiki: Madam, maganar tufafi a ajiye ta, an daɗe da wuce wurin. Tun 2012 hukumar duniya ta wasan, FIVB, ta sassauta dokar sutura saboda ƙasashe irin namu. A gasar Olamfik ta Rio a 2016, Doaa Elghobashy ta Masar da hijabi da dogon hannu da dogon wando ta kara da Jamusawan da suka zo suka ɗauki zinariya, kuma ta sake fitowa haka a Paris a 2024. Abin da nake so ki duba daban ne. Wasan nan ba shi da canji. Mutum biyu ne rak a filin mita 16 da 8, ba kowa a benci. In Auta ta janye ana saura kwana kaɗan, ta janye da ɗiyar mutane da suka shekara biyu suna koyon junansu, har alamar da suke yi da yatsu a bayan ƙugu kafin a buga. In za ta fasa, yau ya kamata a faɗa, ba ranar da aka yanki tikiti ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ke ɗiyata, saurara ki ji. Shekara ashirin da wani abu ina fatauci, Lome, Kwatano, Dubai, ba filin jirgin da ban kwana a kan kujerarsa ba. Duk waɗannan maganganun na malam na littafi ne. Abin yi ɗaya ne: ki shirya ki bi ta. Ki nemi kuɗin tikitinki ko bashi ne, ki kwana ɗaki ɗaya da ita, ki ci abin da ta ci. In kun dawo lafiya ku sayi jallabiya da turare ku hau kar ku tafi Tawa, ku ce ga tsaraba, ga kuma inda muka je. Tsoho ba ya faɗa da abin da ya riga ya wuce. In kika tambaye shi yanzu a'a zai ce, kuma in ya ce a'a kika tura ta, kin saɓa masa da gangan. Ni ranar da na fara zuwa Lome ban tambayi kowa ba, uwar mijina ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata, yau ita ce ke aiko mini da awon zanen da take so.

Ɗan Ader a Abijan: Hajiya, da girmanki, wagga shawara ba ta yi ba. Ku kuna Yamai kun mance yadda Tawa take. Rabin samarin garin suna nan Abijan ko Libiya wajen biɗa, kowa da waya a hannu. Ran da aka ɗauki hoton tawaga a hilin jirgin Diori Hamani, kahin jirgin shi sauka hoton ya iso majalisar da tsohon ka zama bayan la'asar. Kuma ba ke za ki kai mai ba, wani maƙiyi na za shi miƙa mai waya shi ce "Alhaji, wagga ba ɗiyarka ta ba?" Wanga shi ne abin da ba a yahewa. Tahiyar yini guda ce, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, kin iso. Ki tai ki durƙusa ki hwaɗa mai da bakinki.

Yayar Auta: Yaya, ba ka san Baba ba ne. Yana da hawan jini. Kuma ni ban ɓoye masa don mugunta ba, bai taɓa tambaya ba ne. Karatun da ya ce ta yi ai ta yi, ba ta taɓa maimaita aji ba.

Ɗan Ader a Abijan: Mutum na tambayar abin da bai san da shi ba?

Wata da ta taɓa sa rigar ƙasa: Ni ba ƙwallon raga na yi ba, wani wasa ne daban, kuma an daɗe. Amma ina karanta bayaninki gabana na faɗuwa, don ban ga kin faɗi wa zai biya ba. Kwatano ko Maroko, wanne? Wace rana? Akwai takardar gayyata? Kin ga takardar misiyon, wato ta izinin tafiya daga hukuma, da sunan Auta a ciki? Akwai mace babba a tawagar, ko maza ne zalla da yara mata biyu? Mu da aka fita da mu, sai da muka isa muka tarar ba a biya masauki ba, muka zauna a kan jakunkunanmu daga hantsi har magariba. Kuɗin guzuri aka ce sai an dawo. Har yau da nake da 'ya'ya huɗu ban ga ko dala ba, gwiwata kuwa da kuɗin mahaifina aka yi mata magani. Manyan da suka raka mu sun fi 'yan wasan yawa, kuma su kasuwa suka wuce. Ban ce kowa haka yake ba. Amma kada ki ba kowa fasfonta ya riƙe sai kin ɗauki hotonsa, kuma ki duba katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan, tun yanzu.

Yayar Auta: Mai horar da su mutumin kirki ne, matarsa ma ta san ni, ta zo sunan ɗana. Ba zan je ina tambayarsa takardu kamar ina zarginsa ba. Katin rigakafin dai ban yi ba, na gode.

Hajiya Mai Atamfa: Kin ji ko? Shi ya sa na ce ki bi ta. In kina wurin wa zai bar ta kan jaka? Kuma in Kwatano ne ki tambaya ta wace hanya, don tun 2023 hanyar Gaya da Malanbil ba yadda muka san ta take ba, na sha wuyarta da kaina da dila shida na atamfa. In jirgi ne ta Lome za a bi, in Maroko ne Kazablanka za ku fara sauka. Ki sa mata kilishi da garin rogo da yaji a jaka, abincin can ba ya riƙe cikin mai wasa.

Abu Ammar: Ana ta zancen tikiti da kilishi an bar asali. Hadisin hana mace tafiya ba muharrami ingantacce ne, kuma yaya mace ba muharrama ba ce, ko ta bi ta. Rangwamen da malamanmu na Malikiyya suka yi na tafiya cikin amintacciyar tawaga, a babin hajjin farilla suka yi maganarsa. Sannan waliyyinta mahaifinta ne, yana raye. Sa hannun da kika yi ba hurumin ki ba ne.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, duk 'yan matan da ake turawa karatu Aljeriya da Turkiyya da muharrami suke tafiya? Ko don wannan ƙwallo ce?

Maman Biyu: Ni dai abin da na sani, ɗiyar yayata an sa mata rana, aka ga hotonta a bikin ƙawa tana rawa, iyayen miji suka aiko a ba su kayansu. Rawa fa kawai, cikin mata. Yau shekara uku tana zaune. Mutanen nan da suka kai gaisuwa sun san tana wasan?

Yayar Auta: Shi yaron ya sani, har kallo yana zuwa. Iyayensa ne ban sani ba.

Tsohon malamin motsa jiki: Da Alfaga, ɗan tekwandon Nijar, ya kawo lambar azurfa daga Rio a 2016 duk ƙasar nan ta fito tarbarsa, har tsofaffin da ba su san mene ne tekwando ba. Ba mamaki mahaifinku na cikin masu murna. A gwada masa ta wannan ƙofar. Kuma in tafiyar ta tabbata, a gaya wa yaran iskar bakin teku ba irin ta Yamai ba ce, tana kwashe ƙwallo, shi ya sa ake sauya gefe duk bayan maki 7. Su yi atisaye ranar da iska ke kaɗawa, su daina jiran ta kwanta.

Ɗan Ader a Abijan: Malam, Alfaga namiji ne. Kada mu ruɗi baiwar Allah. Ki kira gwaggon nan taku da ta zauna mai a rumhwa, in tana da rai. Ita kaɗai ka iya wanga aiki.

Yayar Auta: Tana nan, amma bakinta ba ya riƙe magana, in ta ji duk dangi sun ji. Hajiya, bin ta ba zai yiwu ba, ina goyon ɗan wata bakwai kuma adashen ya riga ya tafi. Maigidana ya ce in bari sai an tabbatar da ƙasar tukuna, kada in tayar da tsoho a banza. Ita kuma Auta tun jiya ta ƙi cin abinci, ta ce in na fasa mata ba za ta iya haɗa ido da abokiyarta ba. Mai horar da su yana son amsa ranar Alhamis.

Ɗazu bayan isha'i Baba ya kira, yana tambaya ko Auta za ta zo masa hutu bana. Na ce in sha Allahu.

Hajiya Mai Atamfa: To ai ba ki yi ƙarya ba, za ta je, da tsaraba ma. Goyon wata bakwai kuwa ni da na wata huɗu na shiga jirgi.

Maman Biyu: Don Allah fasfon kwana nawa ya yi kafin ya fito? Na maigidana ne ya ƙare.