Kwafe bidiyo zuwa NAS na cin mana awa da rabi, ya kuka yi da naku?

Mai studiyo, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'a. Muna da akwatin ajiya na NAS mai faifai biyu, nan muke zuba duk bidiyon biki da na taro da muka ɗauko, kwamfutoci uku suna ɗiba daga ciki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kwafi. Katin kyamara mai gigabait 64 in ya cika sai ya ci awa da rabi kafin ya shige, Windows tana nuna 11 MB/s, wato megabait 11 a daƙiƙa, ba gaba ba baya. Yarana sun ce mu canja kamfanin data. Wanda ya taɓa fama da wannan, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Mai haɗa netwok, Gusau

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce wa yara su ƙyale data, ba ruwanta. Fayil ɗin da ya tashi daga kwamfutarka zuwa NAS bai fita ɗakin ba, balle ya hau intanet.

Wanga 11 ɗin da kake gani ita ce amsar. Layi mai megabit 100 in ka raba da 8 ya ba ka megabait 12.5, ka cire abin da sadarwar kanta ke ci, sai ya tsaya tsakanin 11 da 12. Layin gigabit kuwa, wato megabit 1000, yana kai megabait 110 ko ya ɗan wuce, katin nan naka minti goma ya ishe shi. Shiga saitin netwok na Windows ka duba saurin layin, za ka ga an rubuta 100 ko 1000.

Na taɓa tarar da irin haka a wani ofis nan Gusau, komai nasu gigabit ne amma yana tafiya a 100. Kebul ɗin netwok siraran wayoyi takwas ne a ciki. Layin 100 huɗu kawai yake amfani da su, gigabit kuwa sai takwas ɗin sun cika. Da na sa abin gwaji, fitila ta takwas ta ƙi kawowa. Na ɗaga kan wayar a haske, sai ga mai ruwan ƙasa ba ta kai bakin ƙarfen ba, wanda ya matse kan ya yanke ta gajera. Shi ya sa intanet na aiki lafiya lau, ba wanda ya zargi kebul. Munka yanke, munka matse sabon kai, nan take ya hau 112.

Mai cibiyar koyar da kwamfuta, Jega

Injiniya ya yi gaskiya, amma ni tawa ba kebul ba ce. Rawutar da muka saya don intanet ita muka jona wa komai, ashe ramukanta na baya duka 100 ne, an ma rubuta 10/100 a jikin kwalin. Ƙanena ya kawo suwich, wato akwatin da ke haɗa wayoyin netwok, na gigabit mai rami takwas, aka jona NAS da kwamfutoci a kansa, rawuta ta koma waya ɗaya tal. Shi ke nan. Malam, ka juya taka ka karanta.

Mai ɗaukar hoto, Argungu

Ni layina gigabit ne tun farko, amma bayan bikin kamun kifi na 2020 na dawo daga Matan Fada da hotuna dubbai, kwafin ya riƙa sauka yana tashi, wani lokaci ƙasa da 20. Bidiyo ɗaya babba kuwa ya tafi a guje. Abin da na fahimta, kowane fayil sai kwamfuta ta yi magana da NAS: a buɗe, a rubuta, a sa kwanan wata, a rufe, sannan na gaba ya taso. Kamar ka kai shinkafa kasuwa mudu-mudu ne alhali ga buhu.

Hanya biyu nake bi yanzu. Aikin da na gama, wanda ajiya kawai zai yi, ina ɗaure shi a zip guda kafin in tura. Wanda nake kan yi kuma ina amfani da robocopy, wani umarnin kwafi ne, yana cikin Windows ba sai ka sauke komai ba. In ka ƙara masa /MT:16 zai ɗauki fayil 16 a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Wani abin da ya ƙara mini son sa, in wuta ta ɗauke ka sake tayar da shi, yana tsallake abin da ya riga ya kwafe.

Malamin makaranta, Ƙaura Namoda

Yayana na Argungu, Allah ya saka da alheri, wannan robocopy ɗin zan gwada. Ni ta Wi-Fi nake kwafi saboda laftof ɗina ba ta da ramin kebul. A kan zangon Wi-Fi na 2.4GHz abin ba daɗi, in na koma ɗaki na biyu sai ya ƙara faɗuwa. 5GHz ya fi, amma bango na cinye shi. Ƙarshe adafta na saya. Ku lura da kyau a nan: masu arha da yawa USB 2.0 ne kuma 100 suke tsayawa. A nemi wadda aka rubuta USB 3.0 da Gigabit, a soka ta a ramin da ke da shuɗin harshe.

Mai tace bidiyo, Yauri

Ni ina ganin masu aikin bidiyo kada su tsaya a gigabit. Tun 2016 aka fitar da ƙa'idar 2.5G, wato gigabit biyu da rabi, kuma tana tafiya a kan kebul na yau da kullum, Cat5e ɗin da ke bangonka. Na canja suwich da adafta, ina samun kusan 280, har ina tace aiki kai tsaye daga NAS ba tare da na kwafo ba.

Mai haɗa netwok, Gusau

Haka ne Alhaji, amma sai NAS ɗin ma tana da ramin 2.5G, kuma faifan ciki na iya bayarwa. Wanda ke kan 11 ya fara kai 110 tukuna, wataƙila kuɗin kan waya ɗaya ne. Kuma a guji kebul mai rubutun CCA, alminiyom ne anka shafa wa jan ƙarfe, yana karyewa wajen matsewa. Tsawo kada ya wuce mita 100.

Ma'aikaciyar ofis, Zuru

Tamu daban take. Kwafi kan fara da kyau, sama da 100, can tsakiya sai ya rushe ya koma rarrafe, bayan an huta ya dawo. Mai gyara ya duba lambar faifan ya ce nau'in SMR ne, irin wanda ke rubuta layi a kan gefen layi. Yana da ɗan wurin karɓar gaggawa, in ya cika sai ya tsaya gyaran cikinsa. Aka sa nau'in CMR, wanda layukansa ba sa hawa kan juna, matsalar ta tafi. Ya kuma buɗe bayan akwatin, fankar ta toshe da ƙurar hunturu, ga shi muna shiga zafin Afrilu. Yanzu ana hure ta lokaci-lokaci, an ɗauke akwatin daga ƙasa, an sa masa UPS, batirin da ke riƙe shi in wuta ta ɗauke.

Malam na Birnin Kebbi, in ka gyara kebul ko suwich, ka gwada da bidiyo ɗaya mai gigabait 20 ko fiye, ka zauna ka kalli lambar daga farko har ƙarshe. Ƙaramin fayil ba zai nuna maka irin tamu ba.