Wanda bai ratsa Sibiriya a jirgin ƙasa ba, ya ga Rasha kuwa?

Kawu: Assalamu alaikum. Jiya wani yaro ya zo gaishe ni, ya ce daga Rasha ya dawo. Na ce ina da ina ka je? Ya ce Mosko da St. Petersburg. Na ce to zaure ka shiga, ba ka ga cikin gida ba. Har yanzu ina kan bakana. Wanda bai hau jirgin ƙasa daga tashar Yaroslavsky ta Mosko ya kwana shida a hanya har Vladivostok da ke can gabashin ƙasar ba, kilomita 9,289, bai san ƙasar nan ba. Da ka isa can, agogonsu ya riga na Mosko da awa bakwai. A shekarar 1891 aka fara shimfiɗa layin dogon, sai 1916 aka kammala.

'Yar Damagaram: Wa alaikumus salam, Kawu. Da girmanka, amma a nan ban yarda ba. Ƙasa ai mutanenta ne. Kusan uku cikin huɗu na 'yan Rasha suna zaune ne yamma da duwatsun Ural, ɓangaren da ka kira zaure. Ni ma na hau jirgin daga Yekaterinburg zuwa Novosibirsk, abin da na gani ta taga itatuwa ne masu farin jiki, sai fadama, sai kuma itatuwa. Wuni ɗaya da na yi a gidan tarihi na Hermitage da ke St. Petersburg ya fi koya mini yadda sarakunansu suka rayu da yadda mulkinsu ya faɗi a 1917.

Ɗan Kazan: Ni ku biyun duk ina da ja da ku. Kawu, babban layin da kake yabo ta Kirov da Perm yake bi, ba ya shiga Kazan, babban birnin Tatarstan, sai in mutum ya zaɓi hanyar kudu. To wane irin ganin Rasha ne wannan da zai tsallake Tatarstan? Shekara biyar na yi karatu a can. A cikin ganuwar birnin, masallacin Kul Sharif da aka buɗe a 2005 yana tsaye kusa da tsohuwar majami'a, a wurin da sarkin Rasha Ivan na Huɗu ya ci garin da yaƙi a 1552. Musuluncin bakin kogin Volga kuwa ya girmi wannan nesa ba kusa ba, tun 922 da Ibn Fadlan ya zo musu daga Bagadaza. Sannan ga Dagestan, inda masallacin Juma'a na Derbent yake tun ƙarni na takwas. Jirginka ko hanyar can ba ya bi.

Kawu: Ɗana, na karɓi maganar Kazan, gaskiya ce. Amma ke 'yata, taga kika kalla, shi ya sa. Ba a waje abin yake ba. Ki shiga taragon talakawa, wanda suke kira platskart, gado 54 babu ƙofa tsakani. Soja mai komawa gida, tsohuwa da kwandon dafaffen ƙwai, ɗan Uzbekistan mai zuwa aikin gini, Buryat mai bin addinin Buda, duk ku ɗebi ruwan zafi a tukunya ɗaya ta ƙarshen tarago ku sha shayi. A Mosko wa zai tsaya ya yi miki magana? A nan kuwa kwana biyu ya isa mutum ya ba ki labarin ƙauyensu kaf. Wani Batatare ne ma ya riƙa nuna mini alƙibla duk lokacin da jirgi ya karkata, yana tsare mini hanya ina salla a zaune.

Kuma ban ce a zauna a ciki har ƙarshe ba. A sauka a Irkutsk a je tafkin Baikal. Zurfinsa mita 1,642, babu tafkin da ya kai shi a duniya. A watan Fabrairu ƙanƙararsa har mota take ɗauka, kana tsaye kana hangen ƙasa ta cikinta.

Ɗan Zariya: Ni ina neman tafiya ne a hutun bana, kwana goma kacal gare ni. Wanne zan ɗauka?

'Yar Damagaram: Ka ga inda maganar Kawu ke da nauyi a aljihu. Kwana goma, shida a jirgi, me ya rage? Ka hau Sapsan, jirgin ƙasa mai gudu, daga Mosko, awa huɗu kana St. Petersburg. In watan Yuni ne za ka ga daren da duhu ba ya rufewa, sai ka nemi limamin masallacin garin ya faɗa maka yadda suke ƙayyade Isha da Asuba.

Ɗan Kazan: Daga nan ka dawo ka hau jirgin dare zuwa Kazan, kwana ɗaya ne. Ka ɗanɗana platskart ɗin Kawu, kuma ka sauka inda za ka ci halal hankali kwance.

Kawu: Dare ɗaya bai isa ba, wallahi bai isa ba. Ɗan Zariya, ka ƙara ko kwana huɗu ne a hutun nan, ka kai Irkutsk ka dawo ta jirgin sama.