Musayar Waƙa a Kan Brian May, Makaɗin Jita Kuma Masanin Taurari

Baba Mai Tsarkiya:

'Yan'uwa, na buɗe wannan musaya a kan Brian May, makaɗin jitar ƙungiyar Queen, wanda aka haifa a 1947 a Hampton da ke gefen Landan. Duk wanda zai amsa, ya amsa da baiti.

Yaro ne da ya taso da ƙaunar kiɗan jita,
Kuɗin sayen ta kanti sun fi ƙarfin gidansa.
A 1963 suka ɗauki zarto da wuƙa,
Shi da Harold, injiniya, wato mahaifinsa.
Tsohon katakon bakin murhu suka sassaƙe,
Ya zama wuyan jitar da ya dace da hannunsa.
Daga tsohon babur suka ciro sifirin guda biyu,
Maɓallan alama daga kwandon ɗinkin mahaifiyarsa.
Kusan shekara biyu suna gogewa da shafa launi,
Red Special ke nan, har yau tana kafaɗarsa.
Ba ya kaɗa tsarkiya da ɗan robar makaɗa,
Tsohon sisin Ingila ne tsakanin yatsunsa.
Zanen da ke gefen sisin na ƙara wa sauti kaushi,
Shi ya sa ko ba a gan shi ba ake gane kiɗansa.

Malama Bakatsiniya:

Baba, baitoci sun yi, Allah ya ƙara basira,
Amma rabin labarin ne, ba ka kai ƙarshe ba.
A Imperial College ta Landan ya karanta fiziks,
Ya shiga digiri na uku, bai tsaya a na farko ba.
Ƙurar da ke yawo tsakanin duniyoyi yake aunawa,
Mai hasken da ke riga alfijir, amma ba alfijir ba.
A 1970 shi da Roger Taylor da Freddie Mercury
Suka kafa Queen, John Deacon bai riga ya shigo ba.
Da tashe ya zo, a 1974 ya ajiye kundin bincikensa,
Mahaifin da ya taya shi sassaƙa bai ji daɗi ba.
Fiye da shekara 30 takardun suna jiran sa,
A 2007 ya miƙa su, bai ce tsufa ya hana ba.
Yana da shekara 60 aka kira shi Dakta,
Wannan nake girmamawa, ba tafin 'yan kallo ba.

Ɗan Zazzau:

Malama, ki yi mini afuwa, ƙaninki na da magana,
Shekarun nan da kika ƙirga ba a banza suke wucewa.
Ranar 13 ga Yulin 1985 a filin Wembley,
An taru domin Habasha da ke fama da yunwa.
Minti kusan 20 kaɗai aka ba wa Queen su yi wasa,
Har gobe masu kiɗan rok suna kallo suna koyowa.
Mahaifin ma da ya gan shi a dandali a New York,
Zuciyarsa ta sauko, ya daina ƙorafi da damuwa.
Da Freddie ya rasu a Nuwamban 1991,
Baƙin ciki ya danne shi, aiki ya taya shi miƙewa.
A 2002 ya hau rufin fadar Buckingham,
Taken ƙasa yake kaɗawa, iska tana kaɗawa.

Iya 'Yar Maraɗi:

'Ya'yana, kun yi ta jan zance tsakanin boko da kiɗa,
Kun bar abubuwan da yake yi don yana son su.
Tun yana yaro yake tara tagwayen hotuna,
Waɗanda ke yin zurfi in an sa madubi an dube su.
Dubbai ya adana daga zamanin Sarauniya Victoria,
Ya ƙera abin kallo domin jama'a su gan su.
Da kumbon NASA ta Amurka ya wuce duniyar Pluto a 2015,
Ya haɗa hotunan biyu-biyu yadda ido zai shige su.
A 2010 ya kafa ƙungiyar Save Me domin namun dawa,
Yanyawa da dage da bushiya, yana kare ransu.

Baba Mai Tsarkiya:

Iya, a nan ne nake da ja, ko da ina ƙaunarsa,
Tarin fuka na kashe shanu, manomi na rasa garkensa.
An ce dage na yaɗa cutar, shi ya sa aka shiga kashe shi a Ingila,
Mai jita ya duba kukan wanda nono ne abincinsa.

Iya 'Yar Maraɗi:

Baba, kukan manomi gaskiya ne, kuma ya ji shi,
Ya tafi wata gonar shanu a Devon ya zauna da su.
Shekaru suna aiki tare da likitan dabbobi,
Suna ƙara gwajin shanu, suna tsaftace wurinsu.
Hujjarsa ita ce cutar na bin garke ta hanyar kashi,
Wasu masana na musu, ba a gama jin ta bakinsu.
Ciwon zuciya a 2020 da ɗan shanyewar hannu a 2024
Ba su raba shi da manoman ba, yana nan kan batunsu.