Lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa a Damagaram: daga ina za mu fara?

Mushe_Zango:
Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin kwalej ne a nan Zinder, ina cikin wani ɗan komiti na unguwa, an ce mu kawo shawarwari kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa kafin reniyon da za mu yi da mutanen komin (ma'aikatar magajin gari). Duk wanda ya buɗe baki sai ya ce a gina santar ta musamman, ni kuma hankalina bai kwanta da maganar gini ba, don ko an gina wa zai zauna ciki? A kalas muna ganin abubuwa, yarinya ta yi shiru wata da watanni ta daina cin abinci, yaro mai ƙoƙari ya koma barci a tebur idonsa jajir, ga masu faɗuwa ana cewa aljanu. Wanda ya san harkar don Allah ya faɗa mana me ya kamata mu sa a gaba, kuɗin ba yawa gare su ba.

Majo_CSI:
Wa alaikumus salam Mushe. Gaskiyarka, ku ajiye maganar gini tukuna. Babban asibitin Zinder yana da sashen masu taɓin hankali, amma ka tuna jihar ta kai har Tanut da Gure da Magarya, uwa ba za ta biya kuɗin mota ta kawo yaro birni don kawai ya daina magana ba, sai abu ya lalace an ɗaure shi da igiya sannan ake tahowa. Wurin da mutane ke zuwa kullum CSI ne, wato ƙaramin gidan likita na unguwa ko ƙauye, to can aikin yake.

Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da irin wannan matsala, kuma kusan rabin cututtukan suna somawa kafin shekara 14. Tun 2008 ta fito da wani tsari mai suna mhGAP wanda aka yi domin irinmu da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba, ana koya ma anfirme (ma'aikacin jinya) yadda zai gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali da shaye-shaye, ya yi maganin wanda zai iya, wanda ya fi ƙarfinsa ya rubuta takarda ya tura gaba. Ku nemi a yi ma aƙalla mutum guda wannan formasiyon a kowace CSI, amma fa ba formasiyon kwana biyu a karɓi perdiyam a watse ba, a sa wani daga babban asibiti ya riƙa zagayowa yana duba aikinsu ko a riƙa kiransa a waya.

Sai magani. Fenobarbital na farfaɗiya ba shi da tsada amma in ya yanke yaro ya koma faɗuwa iyaye su ce ai dama mun faɗa ba ciwon likita ba ne, shi ke nan kun rasa su. Kuma wani abu da mutane ba su sani ba, tramol in ya yi yawa yana kayar da mutum yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, shi ya sa nake fitar da uban waje in tambayi saurayi shi kaɗai. Ku tuna kuma maganin kyauta da aka soma a 2006 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne, ɗan shekara 13 biya ake, ku sa wannan cikin lissafinku.

Hajiyar_Birni:
Majo Allah ya saka da alheri. Ni dai abin da zan ƙara, kar ku yi faɗa da malamai. Duk gidan da yarinya ta faɗi wajen malam ake fara zuwa a yi rukiyya, ni ma da tawa ce can zan fara, ƙarya ba kyau. Ku kira limamai da masu unguwa ku zauna da su, a yarda cewa addu'a na tafiya magani na tafiya, in malam ya ga yaro ya kwana uku ba barci ko yana maganar kashe kansa ya ce a kai shi likita yau ba gobe ba. Maganar liman ɗaya ranar Juma'a ta fi takarda ɗari.

Kuma Mushe kun manta waɗanda ba su lakwal. Yarinya 'yar 15 an yi mata aure ta haihu, tana zaune a ɗaki tana kuka ba ta son ɗaukar jaririn, uwar miji ta ce sangarta ce. Wannan ba za ku gan ta a kalas ba, wajen awo da rigakafi za a gan ta, to ungozomomi ma a koya musu su riƙa tambaya. Almajirai kuma wa ke tambayarsu?

Dan_fada227:
Hajiya ki yi haƙuri zan sa baki. Wlh duk abin da kuka tsara in aka rubuta masu taɓin hankali a ƙofa ba saurayin da zai shiga, gobe a fada a ce wane ya haukace, ko budurwa ba zai ƙara samu ba. Mu a fada muke faɗin damuwarmu wajen shayi, mun san wanda ya fara ƙwaya, mun san wanda ya faɗi jarrabawar BEPC ya daina fitowa, tun kafin gidansu su sani. Ku ɗauki shugabannin fada ku koya musu abin da za su ce da inda za su kai mutum, a Kara-Kara da Garin Malam da ko'ina ba cikin gari kawai ba. Kuma a bar kiran jandarma da an ga yaro ya bugu, duka ba ya cire tramol. Sannan in ya daina sha me zai yi da safe? ba aiki ba sana'a zai koma ne.

Majo_CSI:
Ƙanena maganarka ta ƙofa haka take, shi ya sa na fi son a yi shi cikin CSI, mai zazzaɓi da mai damuwa layi ɗaya, ba wanda ya san abin da ya kawo ka. Amma 'yan fada su tsaya a saurare da rakiya, kar wani ya fara ba abokinsa ƙwayar barci da sunan taimako.

Mushe_Zango:
Na gode ƙwarai, na rubuta. A lakwal ina ganin za mu iya ware malami ɗaya namiji ɗaya mace da yara za su riƙa samu a asirce, mu haɗa su da majon (shugaban) CSI mafi kusa ta hannun COGES, komitin da ke kula da lakwal. Hajiya maganar matan aure ƙanana ba mu kawo ta ba sam, za ta shiga. Abin da ya rage mini Majo, in yarinya ta ce kar a faɗa ma babanta kuma ga alama abin da haɗari, ya kuke yi a wajenku?