Lasisin da zai tsallaka iyakar jiha: shawarwarin masu jinyar numfashi a Amurka

A Amurka, masu kula da na'urar taimaka wa numfashi da marasa lafiyar huhu suna cin jarrabawa iri ɗaya ta NBRC, hukumar da ke tantance ƙwarewarsu a duk ƙasar, amma lasisin aiki kusan kowace jiha da nata. Wanda ke zaune a bakin iyaka, asibitinsa na tsallake, sai ya sake cike takardu, ya biya kuɗi, ya yi jira. Annobar korona ta 2020 ce ta tona asirin tsarin, har jihohi suka sassauta dokokinsu na ɗan lokaci don a samu hannu.

Da ma'aikatan suka tattauna yadda za a magance wannan matsala, hankalinsu ya fi karkata ga yarjejeniyar jihohi da ƙungiyarsu ta AARC ke jagoranta, wadda za ta ba mai lasisin wata jiha damar aiki a sauran jihohin da suka shiga, irin wadda nas-nas suka fara a 2000. Sai jihohi 7 sun mayar da ita doka za ta fara aiki, don haka majalisar jiha ce filin daga, ba majalisar tarayya da ke Washington ba.

Tsofaffin hannu suka ce kada a tura wa ɗan majalisa wasiƙar da kowa ya kwafa. A je ofishinsa, a gaya masa yadda ma'aikaci ɗaya ke zagaya gadaje cikin dare a asibitin ƙauye. A kuma ambaci matan sojoji da ake ta sauya wa mazajensu wurin aiki, su kuma su yi ta neman sabon lasisi a kowace jiha, hujjar da ke shiga kunnen jam'iyyun biyu. Ni a ganina ita ta fi kaifi.

Masu tsoron a zubar da ingancin aiki an amsa musu cewa kowace jiha tana nan da ikon hukunta mai laifi. Kafin nan dai, kowa ya riƙa sabunta lasisinsa kan kari.